Yadda ake bin Gaɓar Ƙwarangwal ta Namibiya da mota, daga Swakopmund zuwa Terrace Bay

Mu mun saba da tafiyar da mutane ke riƙe da ita. Ka tashi daga Kano za ka Maiduguri, ko daga Maraɗi za ka Damagaram, ba ka damu ƙwarai da abin da ka manta a gida ba, domin a hanya za a samu. Taya ta yi faci, ga mai faci a gindin darbejiya. Mai ya ƙare, ga 'yan bumburutu da galan. Yunwa ta taso, ga mai shayi, ga mai tsire. Mota ta ƙi tashi, kafin ka buɗe bonet mutum biyar sun kewaye ka, kowa da shawararsa. To wannan ɗabi'a ce farkon abin da za ka ajiye a filin jirgi in kana son bin gaɓar tekun arewa maso yammacin Namibiya, wadda allunan hanya ke kira Skeleton Coast, wato Gaɓar Ƙwarangwal. A can ba a samun komai a hanya. Abin da ka loda a mota shi ne kasuwarka, shi ne garejinka, shi ne rijiyarka.

Namibiya ta kai faɗin murabba'in kilomita 824,000, ba ta gaza Najeriya da yawa ba, amma mutanenta duka wajen miliyan 3 ne. Jihar Kano kaɗai ta ninka su. Gaɓar da muke magana kuwa tana cikin wuraren da suka fi ko'ina rashin mutane a ƙasar: hamadar Namib a hannun dama, tekun Atilantika a hannun hagu, hanya ɗaya tilo a tsakani. Daga garin Swakopmund da ke bakin teku zuwa sansanin Terrace Bay, inda hanyar jama'a ta tsaya, kimanin kilomita 360 ne. Na bi ta, kuma ban taɓa ganin wurin da ya cika ni da tsoron Allah da natsuwa a lokaci guda irinta ba. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Takardu da zaɓen lokaci

Ka fara da ofishin jakadancin Namibiya da ke Abuja, ko wanda ya fi kusa da kai, ka ji sharuɗɗan biza na wannan lokacin, domin suna canzawa. Ka tanadi katin allurar shawara, ana tambayarsa ga masu fitowa daga ƙasashenmu. Ka kuma yanki lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ka haɗa da naka na gida. Jirgin Habasha yana zuwa Windhoek, babban birnin ƙasar, ta Adis Ababa, za ka sauka a filin jirgin Hosea Kutako, wajen kilomita 45 gabas da birnin. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa ɗaya. Kuɗinsu dalar Namibiya ce, darajarta ɗaya da randi na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar randin ko'ina. In kana da rabin yini a Windhoek, ka nemi titin Janar Murtala Muhammed a unguwar Eros. Ba banza aka sa sunan ba, Najeriya ta tsaya wa 'yan gwagwarmayar ƙasar kafin samun 'yancinsu ranar 21 ga Maris, 1990.

Batun lokaci, yanayinsu akasin namu ne. Disamba da Janairu su ne bazararsu kuma lokacin hutunsu, masu kamun kifi da ƙugiya sukan cika gaɓar, ɗakuna su yi wuyar samu. Daga Mayu zuwa Agusta sanyi ne da hazo mai kauri, wani lokaci kuma iskar gabas mai zafi ta taso daga hamada da yashi, har ta kankare fentin mota. Ni Oktoba da Nuwamba na fi so. Sanyi ya sassauta, cunkoson hutu bai fara ba, karnukan teku kuma, dabbobin ruwa masu shayarwa da Turawa ke kira seal, sun fara taruwa don haihuwa.

Abu guda da ba a barinsa sai an isa: ɗakin kwana a Terrace Bay. Hukumar Namibia Wildlife Resorts ce ke riƙe da wurin, kuma in ba ka da takardar kama ɗaki ba za a bar ka ka isa can ba. Ka kama tun kana gida, ka buga takardar a kan farar takarda. Waya ba abin dogaro ba ce inda babu sabis.

Mataki na 2: Mota

Ƙaramar mota tana iya kai ka Cape Cross, inda karnukan teku ke taruwa, ta dawo lafiya. Amma in za ka shiga gandun Gaɓar Ƙwarangwal da ke can arewa ka fita ta cikin ƙasa, ka yi hayar mota mai ja da ƙafa huɗu, irin Hilux ko Land Cruiser, mai tanki biyu in da hali. Kamfanonin haya a Windhoek sun san wannan tafiya, da yawansu suna ba da mota da tanti a kan rufi da firji da tukunyar gas.

Ranar karɓar mota kada ka yarda a hanzarta ka. Ka ware awa biyu. Ka sa a sauko da tayoyin ko-ta-kwana ka gani da idonka, biyu ake so, ba ɗaya ba. Ka sa a ɗaga motar da jak a gabanka, ka kwance noti ɗaya da sifanar da aka ba ka don ka tabbata ta shiga. Ka gwada famfon iska da ma'aunin iska. Ka nemi shebur, igiyar ja, wayoyin tayar da batir, da wani katako mai kauri. Zan gaya maka amfanin katakon nan gaba. Ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane da ke jikin motar.

Sannan inshora. Ka tambaya dalla-dalla: taya tana ciki? Gilashin gaba yana ciki? In motar ta kife ba tare da ta yi karo da kowa ba, wa zai biya? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce babba, domin irin haɗarin da ya fi cin baƙi a Namibiya ke nan, mutum shi kaɗai a hanyar burji, gudu ya kwashe shi. Yawancin kamfanoni sun ƙayyade gudun kilomita 80 a awa a kan burji, kuma sun maƙala na'urar da ke rubuta gudunka. In ka wuce ka yi haɗari, inshorar ta faɗi.

Tuƙinsu ta hagu ne, sitiyari a dama, yadda iyayenmu suka yi tuƙi a Najeriya kafin 1972. Wunin farko hannunka zai riƙa kai wa waifa in za ka kunna sigina. Inda ya fi haɗari shi ne shataletale da kuma fitowa daga gidan mai, nan ne jiki ke komawa ga abin da ya saba. Ka roƙi na kusa da kai ya riƙa ce maka "hagu" duk sanda za ka hau titi. Ka bar fitilun gaba a kunne ko da rana tsaka.

Mataki na 3: Guzuri

Daga Windhoek zuwa Swakopmund wajen kilomita 360 ne a kan kwalta mai kyau, ta Okahandja da Karibib da Usakos. Ka kwana biyu a Swakopmund, garin da Jamusawa suka kafa a 1892, gine-ginensu na nan har yau. Nan za ka kammala sayayya.

Ruwa: lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin jarka ɗaya mai lita 20 wadda ba a taɓawa sai in ta ɓaci. Abinci marar lalacewa: shinkafa, taliya, kifin gwangwani, dabino, gyaɗa, garin kwaki, kayan shayi. Suna da busasshen nama da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi ne sai dai ba a shafa masa ƙuli. Wanda ke kula da yanka ya sayi namansa a Windhoek inda akwai masallatai da Musulmi, ya kuma yi hattara da tsiran Jamusawa na Swakopmund, yawanci da alade a ciki. A bakin teku kifi ya wadatar.

Tufafi kuwa, nan baƙi ke ruɗewa. An ce maka hamada, sai ka ɗauko kayan zafi. Ruwan da ke bin wannan gaɓa, wanda ake kira igiyar Benguela, daga kudu mai ƙanƙara yake tasowa, yana sanyaya iskar da ke kansa. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, hula, safa, da rawani ko mayafi don iska. Ka haɗa da man kare fata da tabarau, domin rana tana ƙona mutum ta cikin hazo bai sani ba.

Ka sayi layin MTC, ka sauke taswira a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ka kuma sayi ta takarda. Bayan Henties Bay sabis yana raguwa har ya ɗauke. In kuna mota ɗaya ne, hayar wayar tauraron ɗan'adam ba almubazzaranci ba ce. Ka riƙe tsabar kuɗi don biyan shiga a ƙofofi.

Mataki na 4: Swakopmund zuwa Henties Bay

Hanyar ita ce C34. Kada ka yi sammako irin namu na bayan asuba, hazo ya fi kauri da sassafe. Ka bari sai wajen ƙarfe 8 ko 9.

Wannan hazo ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura da busar da leɓe. Jiƙaƙƙe ne, yana sauka a gilashi kamar yayyafi, kuma shi ne ruwan shan duk wani mai rai a nan, tunda ruwan sama a shekara bai cika kai milimita 20 ba. Wajen kilomita 30 daga Swakopmund za ka wuce Wlotzkasbaken, gidajen masunta masu fenti kala-kala, kowanne da tankin ruwansa a kan doguwar hasumiya. A kewayen nan ka tsaya inda aka tanada, ka sauka ka duƙa. Abin da ka ɗauka tsakuwa ce baƙa da ruwan ɗorawa, tsiro ne mai kama da gansakuka, ya lulluɓe ƙasa iyakar ganinka. Ka ɗiga masa ruwa kaɗan daga gorarka ka jira. A gabanka zai motsa, ya buɗe, launinsa ya koma kore. Na daɗe tsugune a wurin ina tasbihi. Girmansa a shekara bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa sawun tayar wanda ya ratse daga hanya yake zama tabo na shekaru gommai. Za ka ga irin waɗannan tabban, kuma za su ɓata maka rai. Kada ka ƙara naka. Duk wannan yanki yana cikin gandun Dorob da aka kafa a 2010, ratse hanya laifi ne mai tara.

Kafin Henties Bay da wajen kilomita 15 akwai mushen jirgin kamun kifi mai suna Zeila. A 2008 ana jansa zuwa Indiya don a yanka shi a sayar da ƙarfen, igiya ta tsinke, teku ta jefo shi nan. Yana tsaye cikin raƙuman ruwa, baƙaƙen tsuntsayen teku sun mai da shi gida. Shi ne jirgin da za ka gani mafi cikar siffa a duk tafiyar, saboda haka ka ba shi lokaci. Akwai samari masu sayar da duwatsu masu ƙyalli a wurin, ku gaisa, in za ka saya ka yi ciniki da mutunci.

Henties Bay tana kilomita 70 daga Swakopmund, kuma ita ce gari na ƙarshe. Ka cika tanki har wuya, ka cika jarka. Lissafin shi ne: daga nan zuwa Terrace Bay, sannan ka fita zuwa garin Khorixas da ke cikin ƙasa, ya haura kilomita 500. Akwai famfon mai a sansanin Mile 108 da Terrace Bay, amma ka ɗauke su a matsayin tsintuwa, in ka samu ka gode, in ba ka samu ba kada tafiyarka ta tsaya. Mai son jefa ƙugiya ya yanki takardar izini a ofishin ma'aikatar kamun kifi a nan ko a Swakopmund.

Mataki na 5: Hanyar gishiri

Arewa da Henties Bay za ka hau hanyar gishiri. Burji ne da aka cakuɗa da ruwan gishiri aka daddaɓe har ya yi baƙi ya yi sumul. Ido zai ce maka kwalta ce, ƙafa ta so ta danna totur. In ta bushe daɗin tuƙi gare ta. In hazo ya jiƙa ta kuwa, santsinta kamar an zuba miyar kuɓewa. Babu layin fenti, babu shinge a gefe.

Dokokinta kaɗan ne. Kada ka wuce 80, in da danshi ka sauko 60. Hannu biyu a sitiyari. Kada ka taka birki da ƙarfi, ka ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa. In bayan mota ya fara wutsiya, kada ka fizgi sitiyari, ka sassauta ka bar ta ta daidaita. In tayar hagu ta faɗa yashin gefe, ka ci gaba a miƙe ka rage gudu, sannan ka dawo a hankali. Fizgar dawowa ita ke kifar da mota. Inda gishiri ya ƙare aka shiga burji mai gargada, ka rage iskar taya kamar yadda kamfanin ya gaya maka, yawanci wajen bar 1.8 a ma'aunin iska, ka mayar in ka koma kwalta.

Dab da Cape Cross za ka fara ganin ƙananan tebura a bakin hanya, an jera curin gishiri masu ruwan hoda, suna ƙyalli kamar gilashi. Babu kowa a wurin. An rubuta farashi, an ajiye gwangwani. Ka ɗauki wanda kake so, ka jefa kuɗin, ka wuce. Mai kayan yana can wani wuri, ya bar dukiyarsa a hannun amanar wanda bai taɓa gani ba. Na tsaya a ɗaya na tuna kantun Bilma da ayarin da ke kawo shi, na kuma ji nauyin wannan gwangwani fiye da na mai shago da ke kallona. Ka tanadi canji saboda su.

Mataki na 6: Cape Cross

Kimanin kilomita 60 daga Henties Bay. Ka biya a ofis, ka bi hanya zuwa bakin ruwa. Kafin ka gani za ka ji, hanci da kunne. Warin yana da ƙarfi ƙwarai, ka shafa man zafi a ƙarƙashin hanci ka ja rawani. Kukan kuwa, rufe ido ka ce kasuwar tumaki ce ana jibi Babbar Sallah. Karnukan teku ne, a lokacin haihuwa, Nuwamba da Disamba, sukan haura 100,000. Mazan ƙatti suna faɗa a kan fili, mata suna dawowa daga ruwa kowace tana kiran ɗanta, tana gane shi da murya da ƙanshi a cikin dubbai. A gefe diloli na zagayawa suna jiran wanda uwarsa ta yi nisa. Za ka ga matattun 'ya'ya, in da yara a tare da kai ka shirya su tun a mota. Ka tsaya a kan gadar katako da aka yi, kada ka miƙa hannu, suna cizo.

A nan ne matuƙin jirgin ruwan Fotigal, Diogo Cão, ya kafa ginshiƙin dutse mai gicciye a 1486. Sojojin ruwan Jamus sun cire shi a 1893 suka kai ƙasarsu, sai a 2019 aka mayar wa Namibiya. Biyun da ke tsaye a wurin kwaikwayo ne. Akwai kuma ƙaramar maƙabarta ta ma'aikatan da suka zo haƙar kashin tsuntsaye don taki a ƙarshen ƙarni na 19. Ka dube ta, ka dubi inda take, za ka fahimci irin rayuwar da suka yi.

Shawarata ka kwana a nan ko a sansanin Mile 108. Masu haɗa komai a wuni ɗaya su ne masu gudu, masu gudu kuma su ne ake jin labarinsu.

Mataki na 7: Ƙofar Ugab da abin da ke bayanta

Wajen kilomita 200 daga Swakopmund za ka iso busasshen kogin Ugab. Ƙofar ƙarfe ce mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ga haƙarƙarin manyan kifayen wel an kafa a gefe. Daga nan gandun Gaɓar Ƙwarangwal ya fara, wanda aka kafa a 1971, ya miƙe kimanin kilomita 500 har kogin Kunene a iyakar Angola. Dole ka shiga kafin ƙarfe 3 na yamma. Ka rubuta suna da lambar mota da inda za ka a littafin ƙofa, ka rubuta da kyau, domin wannan littafi shi ne zai sa a neme ka in ba ka fito ba. Marar ɗaki a Terrace Bay ana ba shi izinin ratsawa ne kawai, ya fita ta ƙofar Springbokwasser a ranar.

Me ya sa jirage suka ƙare a nan? Hazo yana rufe gaɓa, igiyar ruwa da iska suna tura jirgi arewa da kuma bakin ƙasa, yashin ƙarƙashin ruwa yana sauya wuri. Wanda ya tsira ya fito tudu kuma bai tsira ba, raƙuman ruwa ba za su bar ƙaramin kwalekwale ya koma ba, gabansa hamada ce ba ɗigon ruwa. A Nuwamba 1942 jirgin Ingila mai suna Dunedin Star ya maƙale can arewa kusa da Kunene da mutum sama da 100. Jirgin ja da aka tura ceto shi ma ya maƙale, mutum biyu daga cikinsa suka rasu. Jirgin saman da ya sauka don ɗaukar mutane ya nutse a yashi. Sai da ayarin motoci ya yi kwana da kwanaki yana keta hamada kafin a kwashe na tudu. Wannan wurin ba ya kan hanyarka, amma ƙasar ɗaya ce.

Kada ka sa ran ganin jirage jere. Gishiri da ruwa sun cinye yawancinsu. 'Yan kilomita bayan ƙofa akwai ragowar South West Seal na 1976, katako da tsatsa rabi a cikin yashi. Gaba kusa da kogin Huab akwai rusasshen injin haƙar mai da aka yasar, sai kufan ma'adinin lu'ulu'u na Toscanini. Abin kallon na gaskiya ita ce ƙasar kanta. Fili mai tsakuwa ya koma ja, ya koma toka, ya koma fari fat. Jigayin yashi masu siffar jinjirin wata suna tafiya da iska, wani lokaci har su hau hanya. In ka kashe inji ka fito, ba abin da za ka ji sai teku da iska.

A wannan tsakanin ne tayarmu ta baya ta fashe. Na sa jak, ina ɗagawa yana nutsewa, domin ƙasar ɓawo ce a sama, ƙarƙashinta laushi. Kamfanin da ya ba mu motar bai sa katako ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da muka tono faffaɗan dutse muka yi masa matashi. Awa biyu muka yi a wurin, ko mota ɗaya ba ta wuce ba. Iska tana watsa mana yashi a ido, yatsu sun ƙage don sanyi, abokin tafiyata yana riƙe da notuna a hularsa kada su ɓace. Amfanin katakon ke nan. Ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayoyi da duwatsu, ka sassauta notuna kafin ka ɗaga, ka ɗora jak a kan katako.

In abin ya fi ƙarfinka, kada ka bar motar. Ita ce inuwarka da ruwanka, ita ake hangowa daga nesa. Mai tafiya a ƙasa neman taimako a nan ba ƙauyen da zai tarar.

Sallah ba ta da wahala a wannan hanya, kai matafiyi ne, kana da rangwamen ƙasaru. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai ka kula da raƙuman ruwa, kada ka juya musu baya, kada kuma ka shiga wanka, sanyinsa da jansa sun fi ƙarfin gwani. Alƙibla ce za ta ba ka mamaki. Mun saba da cewa gabas, amma daga nan tana arewa maso gabas, ta ma fi karkata arewa, wajen digiri 30. Ka duba da kamfas tun kana Swakopmund ka riƙe.

Mataki na 8: Torra Bay, Uniab, Terrace Bay

Torra Bay tana wajen kilomita 115 daga ƙofa, sansanin masunta ne da ake buɗewa a Disamba da Janairu kawai. Sauran watanni kufai ne. Tsakaninta da Terrace Bay, wajen kilomita 50, hanya tana ratsa bakin kogin Uniab mai rassa biyar. Ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin yashi, sai ga kore da ciyayi a tsakiyar fari. Nan dabbobi ke sha: barewa, mariri mai dogayen ƙahoni, dila, da kura mai ruwan ƙasa da dogon gashi wadda ta fi fita da dare. Zakunan hamada ma sun dawo wannan yanki, har suna farautar karnukan teku a bakin ruwa. Ka tambayi ma'aikatan ƙofa inda aka gan su kwanan nan. In an ce kada a sauka a Uniab, kada ka sauka, kuma ko ba a ce ba kada ka kutsa cikin dogayen ciyayi.

Terrace Bay tsohon sansanin masu haƙar ma'adinai ne: 'yan ɗakuna, ƙaramin kanti, ɗakin cin abinci da baƙi suka cika bangonsa da sunayensu. Ba wurin ƙawa ba ne. Ka kwana biyu. Da yamma ka hau jigawar da ke bayan ɗakunan ka ga rana tana faɗawa teku, in dare ya yi sarari kuma ka fito ka ga taurarin kudu waɗanda ba ma ganinsu sosai daga gida. Arewa da nan, zuwa Möwe Bay da gaba, sai da izini na musamman.

Mataki na 9: Fita

Kana iya komawa ta inda ka zo, amma na fi son a fita ta cikin ƙasa. Ka dawo kudu da Torra Bay kaɗan, ka kama C39 zuwa gabas, wajen kilomita 40 zuwa ƙofar Springbokwasser. Cikin awa ɗaya za ka tuɓe rigar sanyi, hazo ya tsaya a bayanka kamar bango, jajayen duwatsun Damaraland su tare ka da zafi. A gefen hanya ka lura da welwitschia, tsiro mai ganye biyu kacal da ke yayyagewa a ƙasa, wasu sun haura shekara 1,000.

Hanyar nan ta fi ta gaɓa cin taya, duwatsunta masu kaifi ne, kuma tana da kwaruruka inda rafi ke ratsawa, ka rage gudu kafin kowanne. Akwai mai a Palmwag da Khorixas. In ka shiga Palmwag, ka sani akwai shingen likitocin dabbobi, ba a fitowa da ɗanyen nama daga arewacinsa zuwa kudu, ka dafa ko ka cinye kafin nan. Mai sauran kwana ɗaya ya tsaya a Twyfelfontein ya ga zanen dabbobin da mutanen zamanin da suka sassaƙa a duwatsu shekaru dubbai da suka wuce, wurin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2007. Daga Khorixas kwalta ce ta Outjo da Otjiwarongo har Windhoek.

Da ka hau kwalta ka mayar da iskar taya. A garin farko mai wurin wankin mota ka sa a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, gishirin da ya manne yana cin ƙarfe, wasu kamfanonin kuma suna cajin wanda ya dawo da ita haka. Ka ajiye rasit ɗin wankin da na facin taya, ka nuna su ranar mayar da mota.